Wane Majinyaci Ya Kamata a Tura Wurin Masu Koya Masa Dogaro da Kai?

A gidaje da yawa na Gusau da Ƙauran Namoda akwai ɗakin da ake shiga da sallama ƙasa-ƙasa, inda dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki yake kwance wata da watanni bayan an sallamo shi daga asibiti. Ana ba shi magani a kan lokaci, ana kai shi gashi idan an samu kuɗin mota, amma da wuya a taɓo abin da ya fi ci masa rai, wato ko zai sake riƙe buta ya kama ruwa ba tare da ɗansa na tsaye a kansa ba. Akwai ƙwararrun da wannan shi ne aikinsu, a asibiti ana kiran fannin nasu okufeshinal tarafi, kuma dokar ƙasa ta san da zamansu.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar MRTB, wadda ke yi musu rajista tare da masu gashi da masu gyaran magana da ji. Saboda haka duk wanda ya zo gida da sunan ƙwararre, iyali su nemi ganin lasisinsa. Mai gashi ya fi mayar da hankali ga ƙarfin gaɓa da tafiya, shi kuwa wannan ƙwararren yana duba yadda mutum zai ci abinci, ya sa riga, ya yi alwala, ya kewaya, ya koma sana'arsa da abin da ya rage masa na lafiya.

Batun turawa yana cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 17 ya ce idan asibitin gwamnati ba zai iya ba majinyaci kulawar da yake buƙata ba, wajibi ne ya tura shi wanda zai iya, sashe na 23 kuma ya ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da shi halin da yake ciki da hanyoyin magani da ke akwai. Dokar ba ta jera cututtukan da za a tura ba, ta bar wannan ga nazarin ma'aikaci, kuma a ganina nan ne iyali suke da babban aiki, domin likita minti kaɗan yake ganin majinyaci, matar majinyacin kuwa ita ta san abin da ke faruwa da asuba.

Ma'aunin ba sunan cutar ba ne, abin da mutum ya daina iya yi ne. Wanda da yake kai tuwo baki da kansa amma yanzu sai an ba shi, wanda tsugunno a masai ya gagare shi har ya rage shan ruwa don kada ya dami kowa, wanda ya faɗi a bakin ƙofa fiye da sau ɗaya, tsohuwar da mantuwa ta sa take barin wuta a murhu, duk sun cancanci takardar turawa. Wanda ya fi gaggawa shi ne mai doguwar kwanciya da fatar ƙugunsa ko dunduniyarsa ta fara ja, domin mafarin gyambo ke nan, sai kuma wanda yatsunsa suka fara dunƙulewa, da gidan da mai jinyar kanta ta fara ciwon baya saboda ɗagawa. Yara ma suna ciki, musamman a yankin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta 2010 ta kashe ɗaruruwan yara, ta bar wasu da naƙasar ƙwaƙwalwa. Wanda kuwa yake ɗawainiyar kansa lafiya lau, tsufa kaɗai ba dalilin tura shi ba ne.

Taimakon sau da yawa ba mai tsada ba ne: cokalin da aka naɗe mariƙinsa da tsumma ya yi kauri, kujera mai rami da kafinta zai haɗa a ɗora bisa masai, ƙarfen dafawa a bango, koya wa mutum ya fara zura hannun da ya shanye cikin riga kafin mai lafiyar.

Dole a faɗi cewa waɗannan ƙwararru ƙalilan ne a Najeriya, kuma tsoffin wuraren horar da su suna kudu, a Oshodi ta Legas da jami'ar Ile-Ife. Duk da haka a nemi takardar, ko da za ta kai mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato don a bincika masa inda zai same su. Ranar ganin likita, mai jinya ta zo da lissafin abubuwan da majinyacin ya daina yi da lokacin da ya daina, ta roƙi a rubuta su cikin takardar. Idan aka hana ba tare da bayani ba, sashe na 30 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ba kowa damar shigar da ƙorafi kan yadda aka yi masa a asibiti, kuma a bincika.