Mene ne "bayostimulan", kuma me ya haɗa shi da dusar masana'antar abinci?

Kalmar bayostimulan ta fara yawo a bakin malaman gona da masu sayar da kayan feshi, kuma da yawa suna ɗaukar ta wani sabon sunan taki ne. Ba taki ba ne. Ba kuma maganin ƙwari ba ne. Idan kamfa da yuriya su ne tuwon shuka, to bayostimulan shi ne yajin da ke buɗe mata ciki ta ci, abin da ta ci kuma ya bi jikinta. Da Hausa sai mu ce "mai zaburar da shuka".

Tarayyar Turai ta fayyace ma'anarsa a dokarta mai lamba 2019/1009, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2022. A wurinta, abu ne da ke motsa yadda shuka ke cin abinci, ba don sinadaran abincin da ke cikinsa ba. Ana so ya taimaka wa shuka ta ci moriyar takin da aka zuba, ta jure fari da zafi da gishirin ƙasa, amfanin ya yi kyau, kuma abincin da ke daskare cikin ƙasa ya saki.

Daga ina ake samun sa? Wani daga ciyawar teku, wani ƙananan halittu ne masu rai irin waɗanda ke zama a saiwar wake da gyaɗa. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na ragowar sarrafa abinci. Kawunan kifi da hanjinsa da ƙayarsa, ruwan da ke tsiyaya in an yi cuku, baƙin ruwan da ke saura bayan an fitar da sukari, ɓawon jatan lande da na kaguwa, duk suna da amfani. Ragowar kifi ana niƙe ta ne, a sa mata sinadarin da ke narka furotin, ko a bar ta ta yi tsami a rufe, har furotin ɗin ya rarrabu zuwa ƙananan gutsattsari da ake kira amino asid. Sai a tace, a sirka da ruwa mai yawa, a fesa a ganye ko a zuba a gindin shuka. Daga ɓawon jatan lande kuma ake fitar da kitosan, wanda ke sa shuka ta ɗaura ɗamarar kare kanta.

Inda ƙasa ke cin riba shi ne a gindin saiwa. Can akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma wannan ruwa abinci ne a gare su. In suka ƙoshi suka yawaita, sai su kwance fosfaras, wani sinadarin abincin shuka da ƙasa ta riƙe, saiwa ta yi gashi ta bazu. Ga mai noma a jigawa, inda rairayi ya yi yawa kuma taki ke bin ruwa ya nutse, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ku dubi mai yin awara da asuba: ta niƙa waken suya, ta matse a ƙyalle, dusa mai laushi ta taru a roba, ga ruwa rawaya-rawaya da ya rage bayan awara ta kama. Dusar takan tafi wurin awaki, ruwan kuma sau da yawa kwata ce ke shanye shi. Irin wannan ragowa ce masu bincike ke gwadawa a ƙasashen da ake yawan cin waken suya. Yana sosa mini rai in ga ana zubar da ita, alhali kuɗin buhun taki ya gagari ƙaramin manomi.

Sai dai a yi hattara. Kwarara ɗanyen jinin kwata ko ruɓaɓɓen kifi a gona ba shi ne bayostimulan ba: yana iya ƙona shuka, ya jawo ƙudaje, ya ɗauko cuta. Sannan sakamakonsa yakan bambanta daga gona zuwa gona. Duk wanda ya ce maka kwalba ɗaya za ta maye gurbin taki, kada ka saurare shi. Ka gwada a kunya biyu ko uku tukuna, ka bar na kusa da su ba feshi, ka kwatanta ranar girbi.