Wai mene ne gandun daji, kuma wa yake karewa?

Yanzu a Katsina da ka ce daji abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne 'yan bindiga, balle ka ambaci Rugu ko Kogo, shi ya sa yaranmu da yawa ba su ma san waɗannan wurare an shata su ne tun asali don wata manufa ba. Gandun daji yanki ne da hukuma ta keɓe ta yi masa iyaka, ta hana sare itace da noma da farauta da cinna wuta a cikinsa sai da izini, sannan ta sa malaman daji su riƙa lura da shi. Mutane na ɗauka dajin da ba mai shi ne, alhali kamar gandun gida yake, na kowa ne amma ba wanda ya isa ya yanki gefe ya ce nasa ne shi kaɗai.

Kuma hawa-hawa ne. Akwai wanda gwamnatin tarayya ke riƙe da shi irin Kamuku a Birnin Gwari, akwai na jiha irin Yankari a Bauchi wanda aka keɓe tun 1956, har yau akwai giwaye a ciki. A 2020 tarayya ta amince a ɗaga darajar dazuzzuka 10 su koma na tarayya, ciki har da Kogo namu da Falgore na Kano. Burtali da makiyaya su kuma daban ne, na dabbobin gida ne, kada a haɗa.

Ni dai waɗanda suka fi damuna su ne ƙananan, waɗanda ba a jin sunansu a rediyo, ɗan kurmin bayan gari ko bakin fadama ko gindin dutse da aka bar wa kuka da tsamiya da marke da kanya da aduwa. Ba zaki ba giwa a ciki, gaskiya ne, amma nan ne zomo da kurege da bushiya da damo da guza ke samun mafaka, wani wurin har gada da dila. Fakara da zabon daji a ƙasa suke ƙwai cikin ciyawa, to ka duba abin da ke faruwa da kaka in samari suka fito da karnuka suka banka wa dajin wuta don ɓera ko zomo ɗaya, ciyawar da za ta ɓoye su ta ƙone ƙurmus, ƙananan itatuwa sun tafi, amyar da wani ya rataya a reshe ita ma ta tafi da zumarta. Wallahi asarar ta fi naman nesa ba kusa ba.

Dubi ungulu ma. Da a kowace mahauta za ka gan su jere kan katanga suna jiran a watsar da hanji, yau sai ka zaga kasuwa kaf ba ka ga ko ɗaya ba, guba da masu sayen sassan jikinta don tsibbu sun cinye ta, manyan itatuwan da take sheƙa a kai kuma an mai da su itacen girki. Ita ce fa ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Gauraka ma haka ta yi wuyar gani. Kirya kuwa masu gawayi ba su raga mata ba ko kaɗan.

A wajenmu nan arewa, Daura da Zango da Baure da Mai'adua har Kaita da Jibia, maganar ta wuce ta dabbobi, don itatuwan nan su ke tare iska da rairayi kada su binne shuka, su ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi suna da gandun Gadabeji, a 2018 aka ɗauko raƙuman dawa daga Kure kusa da Yamai aka mai da su can bayan sun daɗe da ɓacewa a yankin, kuma abin ya yiwu ne don wurin yana nan ba a rabe shi ba. Mu kuwa ƙananan gandayenmu a hankali ake cinye su, yau gona ta shiga taku goma, gobe a yanka fuloti, malamin daji ɗaya ba babur ba kayan aiki an ce ya tsare, in ya yi magana kuma a ce ai wane ne ya saya.