Shanyewar ƙafafun kare farat ɗaya

Shanyewar ƙafafun kare farat ɗaya yanayi ne da kare zai wayi gari lafiya lau, kafin yamma sai a ga yana jan ƙafafun baya a ƙasa, wani lokacin har fitsari ya riƙa zubo masa bai sani ba. Abin da ya fi jawo shi shi ne fashewar faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, abin da ke cikinsa ya fito ya danne laka, wato igiyar jijiyar da ta ratsa cikin gadon baya, saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa ƙafa. Likitocin dabbobi suna ce wa ciwon IVDD a taƙaice.

Tarihi

Ana cewa tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 likitoci a Turai suka fara rubutu a kan ciwon, amma aikin da har yau ake komawa gare shi na Hans-Jörgen Hansen ne, likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, wanda a 1952 ya raba ciwon gida biyu. Na farko shi ne wanda faifan ke bushewa ya taurare tun kare yana ƙarami, ranar da ya yi tsalle daga kan kujera ko ma bai yi komai ba sai ya fashe lokaci guda, kuma ya fi kama karnuka masu gajerun ƙafafu da dogon baya irin su Dachshund, wanda Jamusawa suka kiwata musamman don ya riƙa kutsawa rami wurin farauta, sai Pekingese da Beagle da French Bulldog, galibi daga shekara 3 zuwa 7. Na biyu a hankali yake zuwa, faifan ya riƙa kumbura kaɗan-kaɗan, an fi ganinsa ga manyan karnuka da suka manyanta irin German Shepherd. An daɗe ana ɗora laifin a kan tsawon baya, sai a 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano wata ƙwayar gado, FGF4, da ke da hannu a gajartar ƙafa da kuma lalacewar faifan. Wato siffar da mutane suka zaɓa saboda kyau ko farauta ita ta zo da ciwon, abin tausayi ne gaskiya. An ƙiyasta kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na Dachshund zai gamu da shi a rayuwarsa.

Sauran dalilai

Bugun mota, toshewar jijiyar jini a laka, dafin wata kaska da ta yi suna a Ostireliya. Sai ciwon haukan kare, wanda shi ma yana zuwa da shanyewa, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala. A ƙasashen da ciwon ke nan, har da Najeriya da Nijar, kada a sa hannu a bakin irin wannan kare.

Gwaji da magani

Gwajin da ya fi komai muhimmanci ba ya buƙatar na'ura: likita zai matse ɗan yatsan ƙafar baya da ƙarfi da abin matsewa, ya duba fuskar karen. In ya juyo ko ya yi kuka, to laka tana da sauran rai, kuma wajen 9 cikin 10 na irin waɗannan suna sake tafiya bayan tiyata. In ƙafar kawai ya janye bai juyo ba, wannan fa ba jin zafi ba ne, kuma damar tana sauka zuwa wajen rabi. Daga nan sai hoton MRI ko CT, sai tiyatar da ake yanke ɗan ɓangaren ƙashi a kwashe abin da ya danne laka. Ko dole ne a yi ta cikin awa 24 zuwa 48, likitoci ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, ana killace shi a keji sati 4 zuwa 6 da maganin zafi daga likita. Ba a ba kare ibuprofen, yana ɓata masa ciki da ƙoda.

Kuɗi

Nan ne mai kare ke shiga tsaka mai wuya, don a Amurka da Ingila hoto da tiyata da kwanciya kan kai dubban daloli ko fam, kuma sau da yawa cikin dare ake so mutum ya yanke shawara ya ajiye kafin alƙalami. Waɗanda suka yi wa karensu inshora sun fi samun sauƙi, Suwidin ce ma ake cewa ta fara yi wa kare inshora a 1924, a Amurka kuwa sai 1982. Wanda ba shi da hali yakan koma ga hutun keji, kuma wannan ba sakaci ba ne, karnuka da dama sun miƙe ta haka. Batun yi wa kare allurar mutuwa kuwa ana saɓani a kai.

Jinya a gida

Ana matsa masa mara da hannu sau 3 ko 4 a rana don fitar da fitsari, a riƙa juya shi saboda gyambon kwanciya, a zagaya tawul ƙarƙashin cikinsa a ɗaga shi ya ɗan taka. Wanda bai warke ba ana yi masa keke mai taya biyu da ake ɗaurawa a ƙugu, irin wanda wani likitan dabbobi ɗan Amurka mai suna Lincoln Parkes ya fara ƙerawa wajen 1961, kuma da yawansu suna shekaru a kansa suna gudu da ƙafafun gaba.