Ma'anar Asid Butirik: Warin Man Shanu da Ake Haɗawa daga Sharar Rake

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙwaryar man shanu da ya kwana biyu a ajiye ya san warin nan mai hawa kai, wanda ke manne wa hannu ko da an wanke da sabulu. Sinadarin da ke ba da wannan wari shi ake kira asid butirik. Sunan ma daga kalmar man shanu ya samo asali a harsunan Girka da Latin, domin a cikin man shanun ne wani masani Bafaranshe, Michel Chevreul, ya fara cin karo da shi a 1814. Ruwa ne marar launi, mai ɗan maiƙo, kuma ƙwayarsa ƙarama ce: kabon 4, haidirojin 8, oksijin 2.

To me za a yi da abu mai wari haka? Idan aka haɗa shi da etanol, wato sinadarin barasa, sai warin ya juye ya zama ƙamshin abarba, irin wanda ake sa wa alewa da lemon kwalba. Ana kuma sa asid ɗin a wata roba mai ƙwari da ake yin mariƙin sukundireba da fentin mota da ita. Amma amfanin da ya fi jan hankalina yana cikin ciki. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a babban hanjinmu suna yin wannan asid daga ɓawon hatsi da ganyen da muka ci, kuma shi ne babban abincin fatar hanjin. Haka yake a tumbin saniya da akuya. Shi ya sa tun da Tarayyar Turai ta hana zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don sa su ƙiba, a farkon 2006, masu haɗa abincin kaji suka ƙara karkata ga gishirin butirik don gyara hanjin 'yan tsaki.

Yawancin wanda ake sayarwa yau daga man fetur yake fitowa. Ana ɗaukar iskar furofilin a sarrafa ta da wata dabara da Otto Roelen ya gano a Jamus a 1938, sannan a haɗa abin da ya fito da oksijin. Hanyar tana da araha, sai dai farashinta na bin farashin ɗanyen mai, kuma masu yin kayan ci sun fi son wanda ya fito daga tsiro. Nan maganar tsimawa ta shigo.

Tsimawa ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Ita ce ke mayar da madara nono, kalwa ta zama daddawa, gasara ta yi tsami. Ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke cin zaƙi ko sitaci, su bar wani abu daban a madadinsa. Mun saba kiran su duka ƙwayoyin cuta, kuma wannan suna bai yi musu adalci ba, don mafi yawansu aiki suke mana. Fitattun masu yin butirik bakteriya ne 'yan gidan Clostridium, kuma suna da wata ɗabi'a ta ban mamaki: iskar da muke shaƙa guba ce a wurinsu. Louis Pasteur ne ya lura da haka a 1861. Ya sa ɗigon ruwan tsimin a madubin ƙara girma, sai ya ga ƙwayoyin da ke gefe, inda iska ke taɓawa, sun daina motsi, na tsakiya kuwa suna ta kai-kawo. Daga nan duniya ta san akwai rayuwa ba tare da iska ba. Wanda aka fi sa wa wannan aiki yanzu shi ne Clostridium tyrobutyricum, wanda masu yin cuku a Turai suka daɗe suna kuka da shi, don shi ke kumbura musu cuku ya tsage a ɗakin ajiya. Abin da ke ɓata wa wancan sana'a shi ake nema a nan.

Kamfanin sukari yana barin shara iri biyu masu muhimmanci da za a iya ciyar da waɗannan ƙwayoyi da su. Ta farko ita ce molasis, baƙin ruwa mai kauri kamar maɗin da ya ƙone, wanda ke saura bayan an fitar da duk sukarin da zai iya daskarewa. Kowane tan na rake yana ba da kilo 30 zuwa 45, kuma kusan rabin nauyinsa zaƙi ne. Ta biyu ita ce bagas, wato zaren da ya rage bayan inji ya matse ruwan, irin wanda mai shan rake ke tofarwa a bakin hanya. Shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kilo 250 zuwa 300 a kowane tan.

Molasis ba shi da wahala sosai. A sirka shi da ruwa, a rage masa datti, a farfasa sukarin zuwa gulukos da furuktos saboda da yawa daga cikin ƙwayoyin nan ba sa iya cin sa a dunƙule. Bagas kuwa sai an sha wuya. Zaƙinsa a ɗaure yake cikin zare, zaren kuma a lulluɓe da lignin, sinadarin da ke sa itace tauri. Sai an dafa shi da tururi mai matsi ko da asid mai rauni, a zuba sinadaran da ke narkar da zare, kafin zaƙin ya saku. Dafuwar kuma tana haifar da guba irin su furfural, mai sa ƙwayoyin kasala. Sa'ar da aka yi ita ce wannan bakteriya tana cin zailos, zaƙin da ke da yawa a bagas, wanda yis ɗin burodi ba ya iya ci.

Bayan haka sai a zuba a babban tanki, a kore iskar ciki, a rufe ruf, a riƙe ɗumin a wajen digiri 37, daidai da ɗumin jikin mutum. Lissafin a takarda shi ne giram 180 na gulukos ya ba da giram 88 na asid, ragowar ta tashi a iskar kabon da haidirojin. Wato ko an yi dace ɗari bisa ɗari ba a kai rabin nauyin zaƙin ba. A aikace ma ba a kai nan, don ƙwayoyin na cin wani kaso su hayayyafa, wani kuma su mayar da shi asid ɗin binega.

Inda gizo ke saƙar shi ne fitar da asid ɗin daga tanki, kuma a ganina duk wanda ya yi maka bayanin wannan fasaha bai tsaya a nan ba, rabin labari ya ba ka. Asid ɗin da ƙwayoyin ke yi shi ne ke kashe musu kuzari, saboda haka ko a gwaji mafi kyau bai kai kashi 10 cikin 100 na ruwan tankin ba. Dole a riƙa zuba soda ko farar ƙasa don kada tsamin ya yi yawa, wannan kuma sai ya mayar da shi gishiri, daga baya a sake zuba asid mai ƙarfi a kwance shi. Ga shi yana gauraya da ruwa gaba ɗaya, kuma ba ya tafasa sai a digiri 163, alhali ruwa na tafasa a 100. In za a raba su da wuta, sai an ƙone tulin ruwa kafin a sami ɗan abin da ake nema. Shi ya sa masu bincike suka fi ba da ƙarfi wajen janye asid ɗin tun ana cikin tsimawa. Shang-Tian Yang na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka ya yi suna da tankin da aka shimfiɗa wa zare a ciki, inda ƙwayoyin ke maƙalewa su yi cunkoso har su saba da tsamin.

Kalmar shara ma tana iya ruɗar mutum. A Birazil da Indiya, manyan masu noman rake na duniya, molasis yana tafiya yin etanol, bagas kuma ana ƙona shi a tukunyar kamfani a sami tururi da lantarki. Haka lissafin yake ga kamfanonin da ke matse rake a Numan ta Adamawa da Sunti ta jihar Neja. Tan guda na molasis, in rabinsa zaƙi ne, ba zai wuce kilo 245 na asid butirik ba. Sai kuɗin wannan, bayan an cire na wuta da soda da tacewa, ya zarce abin da mai yin etanol ko mai kiwon shanu zai biya a ƙofar kamfani, sannan za a ga an kafa tankin.