Manoman bakin kogi, a yi shirin ruwan da ba a saba gani ba

A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, kogin Ngadda ya malalo cikin Maiduguri, ya ci gidaje da kasuwanni da gonaki. Rabon garin da irin wannan ambaliya tun 1994. Shekara 30 ke nan. Magidanta da yawa da ruwan ya tasa daga barci ko wayo ba su yi ba lokacin ta farko, wasu ma ba a haife su ba.

Mu malaman gona, in muka ɗauko zancen nan a ƙauyukan kwarin Haɗeja, amsar da muka fi ji ita ce: "Malam, tun tasowata ruwa bai taɓa wuce tsamiyar can ba." Ba ƙarya manomi ya yi ba. Sai dai abin dubawa shi ne, ranar da ya wuce tsamiyar, me zai rage maka? Tsutsa da tsuntsu kusan kowace damina suna taɓa amfani, ka yi asarar buhu kaɗan ka murmure. Babbar ambaliya, ko fari irin na 1973 da 1984, sukan daɗe ba su zo ba, amma zuwa ɗaya sai su haɗa da abinci da iri da dabba, har magidanci ya sayar da gonar gado.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shirin ba na kuɗi da yawa ba ne. Iri shi ne farko. Kada irinka duka ya kwana a rumbu ɗaya. Ka busar da shi sarai, ka zuba a jarka mai murfi, ka kai wani kaso wurin ɗan'uwa da ke kan tudu. Rumbun ƙasa, da zarar ruwa ya jiƙa gindinsa, zaunawa yake yi, geron ya tsiro a zangarniya cikin 'yan kwanaki. Wanda ya tsira da iri yana iya bin ruwa in ya janye ya shuka wani abu a danshin. Wanda bai tsira da shi ba, sai bashi.

Haka gona. Shinkafar fadama ta fi kawo kuɗi, babu musu, amma mai hali ya bar ko yaya ne a tudu, gero ko wake. Da kaka kuma kada kuɗin hannu ya ruɗe ka ka sayar da hatsi kaf.

Akwai abin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Ku zauna da mai unguwa tun da bazara ku tsayar: wane tudu za a nufa, ta wace hanya, wa ke da kwalekwale, wa zai ɗauko tsofaffi da masu jego, ina za a kora dabbobi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar da ke sa ido kan ruwan koguna, NIHSA, kuma na bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya. A sa mutum biyu masu rediyo da waya su riƙa bibiya, musamman a Agusta da Satumba, da duk lokacin da aka ce za a saki ruwan madatsar Tiga ko ta Challawa.

Takardun gona, katin shaida da katin rigakafin yara, a ƙulle su a leda a rataye kusa da ƙofa. In an ce a tashi, a fara kwance dabbobin da ke turke.