Zaɓen nau'in Linux domin sabar rumbun bayanai

Sabar rumbun bayanai ita ce kwamfutar da aka keɓe domin manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL da Oracle Database, kuma mafi yawan irin waɗannan injuna a yau a kan Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ake kafa su. Da yake nau'o'in Linux duka ƙwayar manhaja ɗaya, wato ginshiƙin da ke sarrafa injin, suke amfani da ita, bambancin sauri a tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne tsawon shekarun da masu nau'in suka yi alkawarin ci gaba da toshe kafofin tsaro, domin sabar da ke riƙe da asusun banki ko bayanan marasa lafiya ba a son a riƙa taɓa ta kowace shekara.

Red Hat Enterprise Linux yana samun kulawa ta shekara 10, yayin da Ubuntu mai dogon zango, wanda kamfanin Canonical ke fitarwa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, yake samun shekara 5 kyauta. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, shi ma yakan kai kusan shekara 5. Fedora kuwa wata 13 kacal yake yi, saboda haka ba kasafai ake ɗora masa wannan nauyi ba. Alkawarin ma yakan warware: a Disamban 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wani nau'in Linux na kyauta da aka gina a kan Red Hat, zai daina samun kulawa a ƙarshen 2021, tun kafin wa'adin da aka yi alkawari, lamarin da ya haifar da Rocky Linux da AlmaLinux domin maye gurbinsa.

Wani lokaci mai manhajar ne ke yanke hukunci, domin kamfanin Oracle yana ba da tallafi a kan Oracle Linux da Red Hat da SUSE, amma ban da Debian.

Haɗarin da aka fi yi wa sakaci yana wajen ƙaura daga tsohon nau'i zuwa sabo. A 2018 glibc 2.28, wani ɓangaren Linux da sauran manhajoji ke dogara da shi, ya sauya ƙa'idar jera haruffa, don haka wanda ya kwashe fayilolin PostgreSQL daga Debian 9 zuwa Debian 10, ko daga Red Hat 7 zuwa 8, zai iya tarar da fihirisar rubutu, wato jerin da rumbun ke bi wajen nemo bayanai da sauri, ta gurɓace ba tare da wani gargaɗi ba, har bincike ya riƙa tsallake sunayen da ke cikin rumbun. Maganinsa shi ne a sake gina fihirisar da umarnin REINDEX kafin a buɗe wa jama'a sabar.