Faɗaɗa Karatu da Tsallaken Aji ga Yara Masu Hazaƙa a Farkon Firamare

Faɗaɗa karatu da hanzarta karatu hanyoyi biyu ne da makaranta ke bi don kula da yaron da ya yi wa tsaransa nisa a ɗaukar darasi, musamman daga aji 1 zuwa aji 3 na firamare, wato tsakanin shekara 6 da 8. A hanya ta farko yaro yana nan cikin ajinsa, sai a zurfafa masa darasi, a buɗe masa wasu fannonin da manhaja ba ta taɓo ba. A ta biyu matsar da shi gaba ake yi, ya yi karatun da aka tanadar wa waɗanda suka girme shi. A Katsina da Daura an fi sanin ta biyun da sunan tsallaken aji.

Asali

Tun a 1868 William Torrey Harris ya kawo tsarin ciyar da ɗalibai gaba akai-akai a makarantun birnin St. Louis na Amurka, ba sai an jira ƙarshen shekara ba. A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya fara bin rayuwar yara masu kaifin basira fiye da 1,500, aka ci gaba da bibiyarsu har suka tsufa. Joseph Renzulli kuma, a 1978, ya bayyana hazaƙa da haɗuwar abu uku: basira sama da ta tsara, ƙirƙira, da naci a kan aiki. Wani rahoto da masana na Jami'ar Iowa suka fitar a 2004 ya lissafa hanyoyin hanzarta karatu har 18, tsallaken aji ɗaya ne kawai daga cikinsu.

A Najeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sanya masu hazaƙa cikin yaran da ke buƙatar kulawa ta musamman. Daga baya, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa musu makaranta a Suleja ta Jihar Neja, hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa ma tana da irinta a Bamaina. Sai dai duka biyun sakandare ne. Kafin yaro ya kai ƙofarsu sai ya ci shekara shida a firamare, kuma a waɗannan shekarun ne ake samunsa ko a rasa shi.

Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Wanda ya tashi a Katsina, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, bai kamata wannan magana ta zame masa baƙuwa ba. A makarantar allo babu aji irin na boko. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Daga babbaƙu ya wuce farfaru, daga nan ya shiga surori. In ya riƙe abin da aka biya masa, malam ya saurara, ya ce ya wanke. Yara biyu sa fara rana ɗaya, bayan shekara ka tarar ɗaya ya ba ɗaya ratar izu da yawa, kuma babu mai cewa a tsayar da na gaba har na baya ya iso. Wannan shi ne hanzarta karatu tsantsarsa, iyayenmu suna yinsa tun kafin masana su raɗa masa suna.

Boko ce ta ɗaure karatu da shekarun haihuwa da zangon karatu. Tsarin yana da amfani wajen tafiyar da jama'a da yawa, amma yana ƙuntata wa mutum biyu: wanda aka bari a baya da wanda ya yi gaba. Na farko ana ganinsa. Na biyun da wuya a lura da shi, tunda takardar sakamakonsa kullum fes take.

Yadda ake gane yaron

A ɗauki yarinya 'yar aji 2. Malama ta rubuta lissafin tarawa guda goma a allo, kafin ta kakkaɓe allin hannunta yarinyar ta gama, ta juya littafi tana zane a bango. Aka ba ta aikin rubuta sunayen masu surutu. Gobe haka, jibi haka. Kafin zango ya ƙare ta koyi abu guda: makaranta wurin jira ne. Wasu yaran irinta shiru suke yi, wasu su koma tsokana da ƙiriniya har a yi musu lakabin marasa ji.

Alamomin da malamai ke dubawa sun haɗa da iya karatu kafin a koya, riƙe abu daga ji ɗaya ko biyu, yawan tambayar dalili, da gano wata hanyar warware lissafi wadda ba a nuna ba. Zuwa na ɗaya a aji kaɗai bai isa shaida ba, domin hadda ma tana kai yaro can. Haka nan iya Turanci ba shi ne ma'aunin basira ba. Ɗan ƙauyen Mashi ko Zango da bai taɓa shiga nazare ba yana iya lissafa canjin kuɗi da ka, ya riga babba, in an tambaye shi da Hausa. Akwai kuma iyayen da ke ɓoye baiwar ɗansu don tsoron baki, shi ya sa hira da uwa a natse takan fito da abin da jarrabawa ba ta nuna ba.

Faɗaɗawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara wa yaron irin aikin da ya riga ya iya. Wanda ya gama lissafi goma aka ba shi ashirin, hukunta shi aka yi a kan ƙoƙarinsa. Abin da masana ke ba da shawara shi ne a gwada shi kafin a shiga sabon babi, a ɗauke masa abin da ya sani, lokacin da ya rage a cika shi da aiki mai sa tunani.

Kayan wannan aiki suna nan a ƙofar gida. Yaro ya auna inuwar sanda da safe da azahar da la'asar, ya rubuta abin da ya gani. Ya tattaro kacici-kacici da karin magana daga bakin kakarsa, ya haɗa ɗan littafi. Ya shuka gero da wake a gwangwani, ya riƙa auna tsawonsu duk mako. A kai aji hasumiyar Gobarau, ko gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ko rijiyar Kusugu a Daura, kowa ya dawo da tambayoyinsa. Wasan dara kansa darasin dabara ne. Alherin faɗaɗawa shi ne sauran 'yan ajin ma suna lasar romonta.

Hanzartawa

Ba dole ne a ɗauke yaro ɗungurungum ba. Ana iya barinsa a aji 2, lokacin lissafi kawai ya tafi aji 3, in hedimasta ya daidaita jadawalin azuzuwan biyu. Ana iya sa shi firamare kafin ya cika shekara 6, ko a tsallake masa aji guda. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙasashen waje ya nuna cewa yaran da aka zaɓa da kyau suna cin gajiyar hanzartawa a karatu, kuma galibinsu ba sa cutuwa wajen zama da abokai.

Zaɓen da kyau shi ne sharaɗin. A duba ko yaron ya ƙware a darussan ajin da zai tsallake. A duba hannunsa, domin sau da yawa kai yana riga yatsu girma, ɗan shekara 6 ya fahimci darasin aji 3 amma ya kasa kwafe allo kafin a goge. A ji ta bakin malamin da zai karɓe shi, a tambayi yaron kansa, a kuma yi gwajin 'yan makonni wanda in bai yiwu ba zai koma ajinsa ba tare da an kunyata shi ba. In yayansa yana ajin da za a kai shi, nan ma sai an yi hattara.

Wannan ya sha bamban da abin da ake gani a wasu makarantun kuɗi, inda ake tura yara su zana jarrabawar shiga sakandare daga aji 5, wani lokaci ma aji 4, don a rage wa iyaye kuɗin shekara ko a yi tallar makaranta. Can ba a auna yaro ba, gaggawar manya ce aka ɗora masa, giɓin da aka bari kuma yakan fito fili a ƙaramar sakandare.

Cikas a ƙasa

Babbar matsala ita ce cunkoso. Malamin da ke gaban aji maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, da ƙyar yake gama duba littattafai, balle ya ware wa yaro ɗaya aiki na daban. Sai kuma horo. Kwalejin da aka keɓe don ilimi na musamman tana can Oyo, alhali malaman firamaren Jihar Katsina da yawa daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma suke fitowa, don haka a waɗannan kwalejojin ne ya kamata darasin gane mai hazaƙa ya samu gindin zama. Mafi sauƙin abin da makaranta za ta iya farawa da shi ba ya buƙatar gini: akwatin littattafai a kusurwar aji, da izinin hedimasta cewa duk wanda ya gama aikinsa ya je ya ɗauka.